Bijimai biyu da na yanka ba da sanin Baba ba

Teburinmu na nama a Agege kakana ne ya kafa shi, Baba ya gada, ni kuma aka miƙa mini wuƙa lokacin da ciwon gwiwa ya hana shi sammakon zuwa mayankar Oko-Oba. Sharaɗi ɗaya ya gindaya mini: kada in yanka abin da ba zai ƙare kafin la'asar ba. Tun zamanin kaka sa ɗaya muke haɗawa da maƙwabcinmu, kowa ya ɗauki ɓari.

Ni kuwa sai na ga wannan tsohon yayi ne. Na tara kuɗi na sayi ƙatuwar firiza. A watan Yunin 2023 wani dillali ya nuna mini bijimai biyu masu tozo, ya ce in ba da rabin kuɗi, saura bayan mako guda. Ko gida ban leƙa ba na ce a kayar da su.

A makonnin ne aka cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500. Aka ɗauke wuta kwana uku. Saboda tsimin mai nake kashe janareto da tsakar dare, wai sanyin da ke ciki zai kai safe. Amma babban kuskurena shi ne na jibga naman da ɗuminsa, cinya kan cinya, na kuma cusa tumbi da hanji a gefe. Sama ya yi ƙanƙara, ina taɓawa ina murna, ashe tsakiya bai taɓa yin sanyi ba. Ran na uku na tsaga cinya ɗaya, sai ga jikin ƙashi ya yi kore, wani wari ya buge ni har sai da na ja da baya. Har yau in na ɗaga murfin firizar sai in ji kamar yana nan.

Wani ya ba ni shawara in wanke, in kai wa masu tsire, yaji zai rufa asiri. Wallahi na so in yi. Baba ya zo da sandarsa, ya sunsuna, ya ce, "Ɗan nan, matar da ke sayen nama a nan tana dafa wa mutane, uwarta a hannun kakanka take saye. Ita za ka ba wannan?" Na ce, "Ku yi haƙuri, Baba." Da hannuna na kwashe fiye da sa guda muka kai aka binne.

Duk mahaucin da zai ajiye nama, ya rataye shi ya sha iska tukuna, ya yanka ƙanana, kayan ciki kuma daban. Kuma ya tambayi masu sayensa, don matan da ke zuwa wurinmu da yatsa suke danna nama, in ya sha ƙanƙara ko kallonsa ba sa yi. Wata bakwai na yi ina biyan dillalin nan, kullum Juma'a sai ya zo ya zauna a bencin Baba.