Reluwe na a ɗakin baya

Jiya da yamma maƙwabcinmu ya shigo aron tsani, ya leƙa ɗakin baya ya tarar da ni a durƙushe da auduga ina goge dogo, sai ya ce haba Alhaji, kai da jikoki har yanzu wasan jirgi? Dariya kawai na yi masa. Ni a kwatas ɗin reluwe na Kaduna ta Kudu na taso, babanmu Allah ya jiƙansa ma'aikacin reluwe ne, da kukan jirgi muke sanin lokaci a gidanmu, mu yara kuma mu tara gwangwanin sadin mu huda mu ɗaure da zare, murfin kwalba ne taya. To ni dai ban daina ba, gwangwanin ne ya canza.

Jirgin wasa na farko da na samu mai amfani da lantarki a cikin kayan gwanjo na tsince shi a Kasuwar Barci, kan jirgi ɗaya da tarago uku, ɗaya ma babu taya. Girman da ake kira HO ne, wato komai an rage shi sau 87, faɗin dogon milimita 16.5, wuta bolt 12 ce ke bi ta cikin ƙarfen dogon ta shiga tayoyi. Kafinta ya buga min tebur na falanki ƙafa 8 da 4, a kansa nake tun lokacin.

Abin da ke ci min rai, wanda ba kowa zai damu da shi ba, shi ne faɗin nan. In ka ninka 16.5 sau 87 za ka samu kimanin milimita 1435, faɗin sabon layin Abuja ke nan da aka buɗe a 2016, wanda ake hawa a Rigasa. Tsohon layinmu na Legas zuwa Kano kuwa milimita 1067 ne, ya fi matsewa, da dogo mai milimita 12 ya kamata in yi shi, shi kuma samunsa a nan sai wanda ya gani. Wato tashar yarintata nake ginawa a kan dogon jikokina, na haƙura dai amma duk na kalla sai na gani.

Ado kam kusan duka da hannu ne. Jar ƙasa daga bakin hanya na ɗebo na tankaɗe da rariyar uwargida (ba ta sani ba sai yanzu), ciyawa garin katako ne da na rina, bishiyar mangwaro waya ce da soso. Gadar kogin Kaduna da tsinken tsire na yi ta, damina guda na ci a kanta, ƙafafun kuma wani yaro a Panteka ya like min da dalma. Amma 'yan mutum-mutumin da nake jerawa a tashar sun fi ba ni aiki, don duk wanda ka saya Bature ne da kwat da malafa, tsawonsa bai wuce santimita biyu ba. Sai in shafa musu fenti, in yanka takarda mai laushi in jiƙa da gam in naɗa masa babbar riga da tsinken sakace, ɗigon gam a ka ya zama hula. Akwai mai rake, akwai mai fura da ƙwarya a ka, ƙwaryar rabin kwanson gyaɗa ce da na kankare.

Babban abokin gaba hunturu ne, ƙura ta ɗan kwanta a dogo shi ke nan wuta ta yanke, jirgi ya riƙa tafiya yana tuntuɓe. Taransfoma ɗaya kuma ta ƙone ranar da aka kawo wuta da ƙarfi, tun daga nan na koma batirin sola.

Jikana ya tambaye ni wai Kaka me ya sa jirgin nan kullum zagaye yake bai taɓa isa Kano ba. Na auna, in aka huda bangon nan dogo zai shiga sito, Zariya ma za ta samu wuri. Na kai wa uwargida maganar, ta ce in fara biyan ta rariyarta tukuna.