Malamar da ta zo gidanmu neman kalmomi

Ɗana na biyu ya shiga rauda, wato makarantar ƙananan yara kafin firamare, yana da shekara huɗu, a nan unguwarmu a garin Gadarif na ƙasar Sudan, kuma ya yi wata biyu cur bai furta kalma ɗaya a cikin aji ba. A gida kuwa bakinsa ba ya hutawa, domin a ɗakin kakarsa ya tashi, ita kuma tsohuwa ce wadda Larabcinta bai wuce na gaisuwa da cefane ba, duk da cewa a ƙasar nan aka haife ta, kakanninta suna cikin waɗanda suka biyo hanyar gabas da niyyar aikin hajji har suka yada zango a nan. Da Hausa take lallashinsa, da Hausa take yi masa faɗa, da Hausa take ba shi labarin Gizo da Ƙoƙi bayan sallar isha'i. Mai makarantar ta aiko aka kira ni, ta ce ya kamata in kai yaron a duba masa kunne. Na kai shi, likita ya ce kunne lafiya lau.

A nan ne na tafka kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Na dawo gida na ce wa mahaifiyarsa daga yau kada wanda ya sake yi masa Hausa, tunda Hausar ce ta ɗaure masa harshe. Ban yi wannan maganar don ƙin yarena ba. Duk Bahaushen Sudan ya san irin kallon da ake yi wa yaron da Larabcinsa ya fito da ƙamshin Hausa, kuma da yawanmu mun sha dariyar 'yan aji muna ƙanana, shi ya sa muke ɗokin 'ya'yanmu su tsallake abin da muka sha. Sakamakon dokar tawa shi ne yaron ya rage magana har a gida, kakarsa kuma ta yi fushi da ni na kwana uku.

Malamar ajinsu ba Bahausa ba ce. Wata Alhamis bayan la'asar sai ga ta a ƙofar gidanmu da ɗan littafi a hannu. Bayan an gaisa an kawo mata jabana, wato gahawa, ta ce ta zo ne a faɗa mata yadda ake cewa ruwa, da fitsari, da zo nan, da zauna, da sannu, da madalla, domin ta lura cewa yaron yana fahimtar abin da ake yi idan ya ga sauran yara suna yi, tambaya ce kawai ba ya iya yi, har ya taɓa jiƙa wandonsa saboda bai san yadda zai nemi izinin fita ba. Kakarsa ta zauna a kan angarib, wato gadon igiya, tana faɗa, malamar tana rubutawa da baƙaƙen Larabci, ba tare da ta san cewa da irin wannan rubutun na ajami malamanmu suka daɗe suna rubuta waƙoƙi da wasiƙu ba. Ta tashi da kalmomi wajen talatin. Da za ta tafi na raka ta bakin zaure, ta ce mini, "Abu mai kyau ne yana da harshe biyu, kada ku ƙwace masa ɗaya." Na ce, "To, Ustaza, mun ji."

Bayan mako guda ta nuna wa ajin hoton tsuntsu, ta faɗi sunansa da Larabci, sannan ta juyo wurin ɗana ta ce "sunsu". Yaron ya ƙyalƙyale da dariya ya ce mata ba haka ba ne, tsuntsu ake cewa. Kalmarsa ta farko a makaranta gyara ce ya yi wa malamarsa, ita kuma ta sa dukan ajin suka maimaita bayansa, suna ta fama da wannan "ts" da ta gagari harshensu. Kafin ƙarshen shekara Larabci ya zauna a bakinsa, Hausarsa kuma tana nan.

Daga baya na karanta abubuwan da suka nuna mini cewa dabarar tata tana da tushe. Tun a 1953 hukumar UNESCO ta bayyana cewa harshen uwa shi ne mafi dacewa a fara koyar da yaro da shi, kuma yaron da ya ƙware a harshen gida yakan fi saurin kama na biyu. Masana ƙwaƙwalwa sun ce a shekarun farko na rayuwa jijiyoyin ƙwaƙwalwar yaro suna ƙulla alaƙa sama da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, kuma kafin ya cika shekara biyar girman ƙwaƙwalwarsa ya kai kusan kashi 90 cikin ɗari na ta babba. Abin da ke ƙarfafa waɗannan ƙulle-ƙulle shi ne amsawa: yaro ya yi gwaranci a tanka masa, ya nuna abu da yatsa a faɗa masa sunansa, ya yi tambaya ta goma a kan abu ɗaya a sake ba shi amsa. Binciken da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda aka fara a birnin Kingston na ƙasar Jamaika a 1986, inda ma'aikatan lafiya na unguwa suka riƙa ziyartar gidajen yaran da tamowa ta tsumburar da su, sau ɗaya a mako har tsawon shekara biyu, suna koya wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu, da kayan wasan da aka haɗa daga tarkacen gida. Bayan shekara ashirin aka bi sawun yaran, aka tarar cewa abin da suke samu a sana'a ya fi na takwarorinsu da ba a ziyarta ba da kimanin kashi 25 cikin ɗari.

Mu Hausawa muna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma sau da yawa idan muka kawo wannan karin maganar bulala muke nufi. Ba mu cika tunawa da mai ba iccen ruwa ba. Faki, wato malamin da ke koyar da allo a halwa (makarantar allo), yana da ƙima a wurinmu, ana tashi a gaishe shi, ana kai masa hatsi idan an yi girbi, kuma ya cancanci haka. Malamar rauda kuwa sai ka ji ana cewa ai reno kawai take yi, waƙa da tafi da share majina. Da kunnena na ji wani maƙwabcina yana faɗin haka, alhali 'ya'yansa uku ne suka bi ta hannunta, kuma shi ne kan gaba wajen jinkirta kuɗin wata har sai an sayar da riɗi. Ni ma ban fita daga zargi ba, domin na sha biyan na katin waya da na shayin majalisa kafin in tuna da nata.

Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, makarantu suka rufe, har hukumar UNICEF ta ce a watan Oktoban wannan shekarar yara kimanin miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan. Bayan faɗuwar birnin Wad Madani a watan Disamba jama'a suka kwararo Gadarif, ajujuwa suka koma ɗakunan kwana, har ɗan farfajiyar raudar tamu ta cika da iyalai da ƙullin kayansu. Albashi ya tsaya, amma malamar ba ta tsaya ba. Takan shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin darbejiyar da ke bayan gidansu da hantsi, ta tara yaran unguwa da na baƙi, suna ƙirga marafan kwalba, suna zana baƙaƙe a kan yashi da tsinke. Akwai wata yarinya 'yar shekara uku daga cikin baƙin wadda ko ƙofar langa-langa aka buga da ƙarfi sai ta shige ƙarƙashin mayafin malamar tana karkarwa. Na ga yadda take yi da ita: ba ta taɓa ce mata ta yi shiru ba, sai dai ta riƙe ta, ta faɗa mata sunan abin da ya yi ƙarar, daga baya ta kama hannunta su je su taɓa ƙofar tare. Wajen wata biyu aka ɗauka kafin yarinyar ta fara buga ƙofar da kanta tana dariya.

Da aka sake buɗe raudar, mu iyaye muka zauna bayan sallar Juma'a muka yi magana ta gaskiya. An yi musu sosai, domin kowa yana da uzuri, kuma uzurin na gaske ne, kuɗi sun rage daraja, abinci ya yi tsada. A ƙarshe dai aka amince cewa kuɗin malamai za a riƙa bayarwa a farkon wata, wanda ba shi da kuɗi a hannu ya kawo dawa ko riɗi gwargwadon ƙimarsu, wanda ke da ɗan uwa a Saudiyya kuma ya tuna masa da raudar idan zai yi aike. Shawarar da ta fi burge ni daga mata ta fito, cewa duk ranar Alhamis wata tsohuwa daga unguwa ta je ta yi wa yara tatsuniya da yarenta, malamar kuma ta maimaita musu da Larabci.

Kakar ɗana ce ta fara. Ta sa sabon tobinta, wato lulluɓin matan Sudan, ta zauna a kan 'yar kujera ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," yaran Hausawa suka amsa, "Ta zo mu ji ta," sauran suka bi su a baya da ɗan jinkiri. Malamar tana gefe da littafin nan nata, wanda yanzu ya kusa cika, kuma da tsohuwa ta kai wurin da Gizo ya yaudari kura, sai na ga ta ɗaga hannu kamar ɗaliba tana tambaya, "Hajiya, mene ne ƙoshiya?"