Kiwon Murjani a Ɗakin Ƙasa a Karkarar Jigawa

A yankinmu na Ringim, idan aka ce mutum yana kiwon kifi, tarwada ake nufi, wadda ake zubawa a tankin roba ko a kwamin siminti har ta yi girman kai wa kasuwa. Abin da nake kiwo a akwatin gilashi mai cin lita 80 ba shi da alaƙa da wannan: ruwan gishiri ne irin na teku, da 'yan duwatsu, da ƙananan kifaye biyu, da murjani mai rai. Tun da na sa hotonsa a Facebook masu tambaya suka yi yawa, kuma galibinsu farashin kifin suke son ji, alhali kifin shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a saya. Zafin garinmu, da irin ruwan da muke da shi, da halin wutar lantarkinmu, su ne ke nuna ko aikin zai yiwu.

Murjani dabba ce, ko da yake ido yana ganinsa kamar tsiro ko dutse. Ƙananan halittu ne masu taushin jiki da ke zaune a cunkushe, kuma a cikin naman yawancin waɗanda ake kiwo akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, wadda take amfani da haske ta haɗa abinci, murjanin ya ci daga ciki. Shi ya sa yake zama a tekuna masu ɗumi da garau ɗin ruwa, kamar Bahar Maliya a gefen Jidda, ko gaɓar Ostireliya inda jerin duwatsun murjani ya haura kilomita 2,000. Gaɓar tekunmu ta Legas ba ta da irin waɗannan duwatsu, saboda laka da ruwan daɗi da koguna ke kwararowa cikinta.

Murjani yana son ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27 a ma'aunin Selshiyos, kuma idan ya daɗe a sama da 30 sai ya kori gansakukar da ke jikinsa, ya yi fari fat, daga nan yunwa ta kashe shi. Duk wanda ya san bazarar Jigawa, musamman watannin Afrilu da Mayu da zafi kan wuce digiri 40, ya san cewa ɗaki mai rufin kwano ba wurin wannan akwati ba ne. Nawa yana cikin tsohon ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara, nesa da taga, domin irin wannan gini yana jinkirin ɗaukar zafin rana. A saman ruwan na kafa ƙaramar fanka da ke hura fuskarsa, kuma yadda take aiki daidai yake da yadda randa ke sanyaya ruwan sha: wani ɓangare na ruwan yana tashi ya bi iska, ya tafi da zafi. A busasshiyar iskar bazara wannan dabara tana rage digiri biyu ko uku, amma da zarar damina ta kusa, iska ta yi laima, ƙarfinta yakan ragu, sai a koma ga saka gorar ƙanƙara rufaffiya a cikin ruwan da tsakar rana. Akwai injin sanyaya ruwa da aka ƙera domin wannan aiki, sai dai yana da tsada, yana kuma shan wuta sosai. Hunturu kuma da tasa matsalar yake zuwa, domin daren Disamba da Janairu yakan sauke ruwan ƙasa da abin da murjani ke jurewa, dole a sa ɗan abin ɗumama ruwa mai kashe kansa idan ya kai ma'aunin da aka saita, a kuma rufe akwatin da raga mai laushi saboda ƙura.

Fankar nan tana jawo wani abu da sabon shiga yake saurin mantawa. Ruwa ne kaɗai ke tashi, gishiri yana nan inda yake, saboda haka kullum ruwan da ya rage yana ƙara gishiri. Abin da ya ragu da ruwan daɗi tsabtatacce ake cike shi, ba da ruwan gishiri ba. Na ja layi a jikin gilashin, safe da yamma ina mayar da ruwan daidai kansa.

Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, wato akwati irin nawa yana cin kusan kilo 3 a zubin farko. Gishirin miya ba zai yi ba, balle manda ko kanwa. Akwai gishiri na musamman da ake haɗawa a masana'anta, wanda ban da gishirin da muka sani yake ɗauke da kalsiyam da maganiziyam da sauran sinadaran da murjani ke gina jikinsa da su. Daga Legas ake samo shi, kuma ya fi kyau a sayi babban bokiti lokaci guda a rufe shi sosai, domin yana shan laima ya dunƙule. Ana narkar da shi a wani mazubi daban, a bar shi ya kwana famfo yana juya shi, sannan a auna yawan gishirin ruwan da ƙaramar na'urar da ake ɗiga mata ruwa a leƙa ta fuskar haske. Lambar da ake nema ita ce 1.025 ko 1.026.

Ruwan da za a narkar da gishirin a ciki shi ne inda na fi ganin mutanenmu za su yi sakaci. Ruwan rijiya da na burtsatse suna iya yin daɗin sha, amma sukan ɗauko ƙarfe da sauran ma'adinai daga ƙasa, kuma a wurin da ake noman rani da takin zamani sukan ɗauko naitiret da fosfet, waɗanda su ne abincin koriyar gansakukar da ke lulluɓe duwatsu ta shaƙe murjani. Tagulla kuwa, ko kaɗan ce, tana kashe dodon koɗi da jatan lande da murjani. Maganin wannan shi ne matatar RO, wato na'urar da ke tura ruwa ta cikin siririn tankaɗe mai tare ma'adinan da suka narke a cikinsa, da ɗan ma'aunin da ke nuna yawan abin da ya narke a ruwa, wanda ake so ya nuna sifili ko kusa da shi. Ruwan leda ba abin dogaro ba ne sai an auna, tunda ba kowane mai buga shi ke amfani da irin wannan matata ba.

Wutar lantarki kuwa, a ƙauye ba a lissafi da ta gwamnati. Ruwan gishiri mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin da yawa, kuma idan famfon da ke motsa shi ya tsaya na 'yan sa'o'i cikin daren zafi, da safe gawar kifi za a tarar. Famfona da fitilata duka a kan sola da batir suke, kuma na ajiye ƙaramin famfon iska mai batirin tocila domin ranar da hadari ya rufe rana. Fitilar mai shuɗin haske ce, tana ci sa'o'i takwas zuwa goma a rana.

Bayan an zuba yashi da duwatsu da ruwa, sai a bar akwatin babu kifi na tsawon mako huɗu zuwa shida. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zama a ramukan duwatsun su ne ke mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait ɗin zuwa naitiret mai sauƙin illa. Ana jefa ɗan abincin kifi domin su sami abin ci su hayayyafa, ana gwada ruwan har amoniya da naitirait su koma sifili. A wannan tsakanin baffana ya shigo ya daɗe yana kallon duwatsun, sannan ya ce, “Kai yaro, yanzu dutse kake ba wa wutar sola?” Na ce masa, “Baffa, kifin yana hanya.”

Kifin da ya dace da ƙaramin akwati shi ne Amphiprion ocellaris, mai ruwan lemo da fararen ɗamara uku, musamman wanda aka ƙyanƙyashe a gona, domin ya saba da abincin gwangwani. Biyu sun isa. Wanda ya fi girma a cikinsu shi zai zama mace, ɗayan ya zauna namiji. A murjani, masu taushi da ba su da ƙashi su ne na farawa, irin mai kama da naman kaza da mai shimfiɗa kamar koriyar ciyawa. Masu ƙashi na dutse suna bukatar ruwan da zafinsa da sinadaransa ba sa sauyawa ko kaɗan, kuma suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ke kula da cinikin dabbobi da tsirran dawa tsakanin ƙasashe, ba a shigo da su sai da takardar izini. Akwai kuma wasu masu kama da ƙananan furanni da ke ɗauke da guba mai tsanani, waɗanda ba na ganin ya dace a ajiye su a gidan da yara ke shiga ko'ina. Ta jirgin sama ya kamata kifin da murjanin su zo Kano, cikin leda mai oksijin, kuma ba a watannin bazara ba.

Kowane mako ina kwashe lita 8 in mayar da sabon haɗi, in goge gilashi. Ba a fesa maganin sauro ko kunna na hayaƙi a ɗakin, saboda yana sauka kan ruwa ya kashe abin da ke ciki. Gidan sauro nake ɗaurawa. Idan tafiya ta kama ni, nakan bar wa ƙanena jarkar ruwan matata, in nuna masa layin jikin gilashin da ƙullin abincin kowace rana, bokitin gishiri kuwa in kulle shi a wani ɗaki.