Irin wiwi na Amsterdam da abin da ya koya mini a ajin inganta iri

A zango na biyu na karatunmu na digiri na biyu a fannin inganta irin shuka akwai darasin tarihin kamfanonin iri. Kowane ɗalibi ana ba shi kamfani guda ya bi diddiginsa: daga ina ya samo irinsa na farko, me ya zaɓa, me ya sayar. Wani abokina ya samu Pioneer, kamfanin masarar nan da Henry Wallace ya kafa a Amurka a 1926. Ni kuwa da na buɗe takardata sai na ga Sensi Seeds, na ƙasar Holan.

"Malam, Allah ya gafarta, wannan fa na wiwi ne."

"Na sani," in ji shi. "Karantawa na ce ka yi, ba sha ba."

Ajin ya ɗauki dariya. A nan gida noman wiwi laifi ne da NDLEA ke kama mutum a kansa, kuma duk wanda ya taso a unguwa ya ga yadda ta kassara samari, don haka ba na buƙatar wani ya gaya mini illarta. Sai dai a matsayin tsiro, wiwi littafi ne a buɗe ga mai koyon kiwon iri, domin cikin shekara kamar talatin an sauya mata hali fiye da yadda aka sauya wa amfanin gona da yawa cikin ƙarni guda.

Labarin ya faro ne da dokar Holan ta 1976, wadda ta raba miyagun ƙwayoyi gida biyu, ta sa wiwi cikin masu sauƙin hukunci. Hukuma ta riƙa kau da kai ga ƙananan masu sayarwa, kuma cinikin irin kansa ya samu sarari. Wannan ya sa duk wanda ya tara iri a wata ƙasa kuma 'yan sanda suka matsa masa, Amsterdam yake nufa. Ben Dronkers, mutumin Rotterdam, ya yi yawon fatauci a shekarun 1970 zuwa Pakistan da Afganistan, yana karɓo iri a hannun manoma, ya buɗe Sensi a 1985. Shekara guda kafin nan, Nevil Schoenmakers, haifaffen Perth ta Ostireliya, ya kafa The Seed Bank, yana talla a mujallar High Times ta Amurka, yana aika iri ta gidan waya. A tsakiyar shekarun 1980 ɗin ne kuma wani Ba'amurke, David Watson, ya sauka daga Kaliforniya ɗauke da irin da ake kira Skunk #1, wanda aka haɗa daga wiwin Afganistan da na Kolombiya da na Meksiko. A 1989 hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka ta ƙaddamar da samamen da ta sa wa suna Green Merchant. An kama Schoenmakers a Ostireliya a 1990 bisa buƙatar Amurka, ya yi watanni a tsare, da ya samu beli sai ya sulale. Kamfaninsa da tarin irinsa suka koma hannun Dronkers, aka haɗe su a 1991.

Wannan duk labari ne na wane ya sayar wa wane. Inda karatun ya kama ni shi ne tambayar da malaminmu ke maimaitawa har mun haddace: me mai kiwon ya zaɓa, kuma me ya zubar da ya zaɓi wancan?

Masu kiwon Amsterdam da na Kaliforniya sun san abin da kasuwarsu ke so. Tsiro gajere da zai zauna a ɗaki ƙarƙashin fitila, mai saurin nuna, mai ƙarfin bugarwa. Gajarta da saurin nuna suka samo daga irin tsaunukan Afganistan, wanda ya saba da gajeren lokacin noma. Ƙarfin bugarwa kuwa sinadarin THC ne. Shekara bayan shekara, duk tsiron da ya fi bugarwa shi ake ajiyewa a matsayin uwa, sauran a zubar. Abin da ba su damu da shi ba shi ne ɗaya sinadarin, CBD, wanda ba ya bugarwa. Tsiron yana ƙera su biyun ne daga tushe ɗaya, wato in ɗaya ya cinye kayan aikin, ɗayan ya tashi a tutar babu. A 2003 Etienne de Meijer da abokan aikinsa suka wallafa bincike a mujallar Genetics: suka aurar da tsiro mai THC zalla da mai CBD zalla, 'ya'yan farko suka fito da duka biyun, jikoki kuma suka rabu kashi ɗaya masu THC, kashi biyu masu gauraye, kashi ɗaya masu CBD. Lissafin Mendel, masanin gadon halitta, ke nan da muka yi a shekarar farko ta jami'a da waken turawa. Daga baya an gano lamarin ya fi haka sarƙaƙiya a cikin ƙwayoyin gado, amma ma'anar ba ta canja ba: wanda ya dage yana zaɓar mai bugarwa, yana korar CBD daga gidan ne ko ya sani ko bai sani ba.

Alkaluma sun nuna hakan. Binciken da Mahmoud ElSohly ya jagoranta a Jami'ar Mississippi kan wiwin da hukuma ta kama a Amurka ya nuna THC ya tashi daga kusan kashi 4 cikin ɗari a 1995 zuwa kusan kashi 12 a 2014, CBD kuma ya yi ƙasa. A 2019 Marta Di Forti da tawagarta suka fitar da bincike a Lancet Psychiatry daga wurare da dama na Turai da Brazil, suka samu cewa mai shan wiwi mai ƙarfi kullum, haɗarin kamuwarsa da taɓin hankali ya kai kusan ninki biyar na wanda bai taɓa sha ba, kuma Amsterdam da Landan na cikin wuraren da abin ya fi ƙamari. Ban yarda a ce mai kiwon iri ba ruwansa da wannan ba. Shi ya tsaya a gaban tsirrai ɗari ya nuna ɗaya.

Mu ma mun taɓa ganin irin wannan a wake. Ingantaccen irin da aka zaɓa don yawan ƙwaya kawai, manomin Kano ko Jigawa yakan duba shi ya girgiza kai, domin ba ya ba da harawa, kuma da rani harawar ce ke riƙe masa tumaki, wani lokaci kuɗinta ma ya yi kusa da na waken. Sai da masu bincike na IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, a tasharsu ta Kano suka koma suna neman iri mai ba da ƙwaya da harawa tare. Sun iya komawar ne saboda irin gargajiya mai yaɗo yana nan a hannun manoma da kuma a ma'ajiyar iri.

To a wiwi wa ya ajiye abin da kasuwa ta ƙi? Watson ɗin nan da ya kawo Skunk #1, shi da masanin tsirrai Robert Clarke, suka kafa wani kamfani daban a Holan, HortaPharm, da lasisin gwamnati na bincike. Maimakon bin bugarwa kaɗai, suka riƙa ware layukan iri kowanne da sinadarin da ya fi yawa a cikinsa, har da masu CBD da babu mai saye a lokacin. A 1998 wani sabon kamfanin magani na Ingila, GW Pharmaceuticals, wanda Geoffrey Guy da Brian Whittle suka kafa, ya ƙulla yarjejeniyar amfani da irin HortaPharm. Daga nan aka samu maganin Sativex, wanda Kanada ta amince da shi a 2005, Birtaniya a 2010, ga masu ciwon da ke lalata rufin jijiyoyi. Sai Epidiolex, ruwan CBD, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Yunin 2018 don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara tun suna ƙanana. Akwai wani katafaren gidan gilashi a Wissington da ke Norfolk ta Ingila, na kamfanin British Sugar, wanda a da tumatir ake nomawa a ciki da zafin da ke fitowa daga masana'antar sukari. Aka tumɓuke tumatirin aka sa wiwin maganin farfaɗiya. A 2021 Jazz Pharmaceuticals ya sayi GW a kan kimanin dala biliyan 7.2. Halin da aka yi shekaru ana zubarwa shi ya kawo wannan kuɗin.

Tun daga nan na sauya yadda nake cika littafin gwajin gonata. Na ƙara layi na halayen da ba su nake nema ba a yanzu: yawan ganye, launin ɓawo, yadda tsiron ya yi da aka samu tsaikon ruwa a Agusta. Layin irin da na kayar kuma ba na zubar da shi gaba ɗaya. Nakan ƙulle ɗan kaɗan a ambulan, in rubuta lambarsa da iyayensa, in sa a firij. Mai kula da ɗakin gwajin yana mita cewa na cika masa wuri.

Rubuta iyaye ɗin nan ma daga wannan karatu na ɗauke shi da muhimmanci. Da yake sana'ar ta taso a ɓoye, babu hukumar da ke rajistar iri, babu mai tantancewa. Sunayen irin wiwi kamar Northern Lights, Haze, Durban Poison, kowa na iya manna sunan a jikin fakiti. A 2015 wasu masu bincike a Kanada suka duba ƙwayoyin gadon samfurin wiwi 81 da 43 na nau'inta da ba ya bugarwa wanda ake nomawa don masana'anta, suka tarar sau da yawa masu suna ɗaya ba dangin juna ba ne na kusa, masu suna daban kuma wani lokaci abu ɗaya ne. Tun da na karanta wannan na daina ƙorafi kan dogon layin da ake bi kafin kwamitin ƙasa da ke zama a NACGRAB, cibiyar adana albarkatun gado ta ƙasa da ke Ibadan, ya saki sabon iri, da gwaji a wurare daban-daban, da takardun da ba sa ƙarewa. Ingantaccen irin wake na SAMPEA mai lamba kaza yana da tarihin da za a iya bincika. Abin takaici dai, a kasuwar ƙauye har yanzu akan zuba hatsi a leda mai kyau a kira shi ingantacce.

Sensi yana nan har gobe. Dronkers ya buɗe gidan tarihin wiwi a Amsterdam tun shekarun 1980, ya ƙara wani a Barcelona a 2012, ya kuma kafa HempFlax, mai sarrafa zaren nau'in da ba ya bugarwa. A duk tarihin da kamfanonin nan ke bayarwa game da kansu, sunayen Turawa da Amurkawan da suka kwaso irin suna nan dalla-dalla. Manoman tsaunukan Hindu Kush na Afganistan da Pakistan da na Kolombiya da na Meksiko, waɗanda kakanninsu suka yi shekara da shekaru suna zaɓar irin, sunan yankinsu kawai ake ambata, shi ma don ya ƙara wa fakiti daraja. Yarjejeniyar kare halittu ta duniya ta zo a 1992, ta Nagoya kan raba amfanin albarkatun gado ta zo a 2010 ta fara aiki a 2014. Irin da aka cusa a aljihu aka tsallaka da shi iyaka a shekarun 1970 ya riga su duka, kuma ba su waiwaya baya ba.