Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Telar Fadar Orlais

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan labari. A makon jiya mun tsaya a watan Afrilun 2020, lokacin da aka kulle Kano saboda korona, ga kuma yajin aikin malaman jami'a da ya riga ya maido ni gida tun watan Maris, ina aji biyu a fannin zanen tufafi. Yau zan ba ku labarin abin da na yi da wannan dogon zama, domin daga cikinsa ne sana'ar da nake ci da ita yanzu ta tsiro.

Shagon Baba da ke Soron Ɗinki ya mutu murus. A shekarun baya, da an shiga Sha'aban ba ka samun masakar tsinke a ciki saboda shadda da yadi, amma a wannan shekarar an soke hawan Sallah, babu hakimin da zai aiko a yi masa riga, babu ɗan sarkin da zai yi wa yaransa anko. Baba ya ɗauko keke ɗaya ya kawo gida ya kafa a soro, muka koma ɗinka takunkumi da ƙyallayen atamfa. Mutumin da tun yana saurayi yake zana aska takwas da zaren tsamiya, shi ne ya koma saka roba a kunnen takunkumi. Bai taɓa yin ƙorafi a gabanmu ba, sai dai maganarsa ta ragu.

Yayana ya dawo daga Abuja kafin a rufe hanya, da kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka. A cikinta akwai wani wasa mai suna Dragon Age: Inquisition, wanda kamfanin BioWare na birnin Edmonton a Kanada ya fitar a 2014. Da farko ban kula shi ba, sara da suka ne da dodanni, ni kuma ba su dame ni ba. Ranar da ya kai wani mataki da ake zuwa liyafar rawa a fada, shi ne ya ƙwala mini kira.

"Zo ki ga 'yan gayun da suka fi ki iyayi," in ji shi.

Ƙasar sunanta Orlais, ƙirƙirarriya ce, amma duk wanda ya ji lafazin mutanenta ya san da Faransa aka auna ta. Babban birninta Val Royeaux, mai mulkinta Sarauniya Celene, kuma a lokacin da labarin ke gudana tana yaƙin basasa da ɗan uwanta Gaspard a kan gadon sarauta. Liyafar a fadar hunturu ta Halamshiral ake yin ta, da sunan sulhu, alhali kowa da wuƙarsa a ɓoye. Abin da ya fara kama idona shi ne babu basaraken da ke fita da fuskarsa a buɗe. Kowane gida yana da takunkumin ƙawa nasa na gado, barorin gidan su sa irinsa maras ado, wanda kuwa ya sa na gidan da ba nasu ba yana wasa da ransa. Ni da na wuni ina ɗinka takunkumi, sai ga wata duniya da shi ne katin shaidar mutum.

A wannan mataki akwai ma'aunin farin jini a fada. Ka yi magana ba daidai ba, ya sauka. Ka daɗe ba a ganka a zauren rawa ba, ya sauka. In ya ƙare a yi waje da kai. Na karɓe kwamfutar daga hannun Yaya, ban damu da makircin kisan da ake so in bankaɗo ba, na yi ta zagaya zauren ina matsawa kusa da mata ina duba yankan rigunansu.

Wani abu ya ɓata mini rai. Jarumin da kake juyawa da manyan abokan tafiyarsa duk kaya iri ɗaya aka zuba musu: jar riga ta soja, wando, da shuɗiyar rataya. Mace da namiji, dogo da gajere. A ƙasar da aka ce tufafi ne siyasa! Har Vivienne, matar da ta saba yawo da hula mai ƙaho biyu tana duban kowa a wulaƙance, ita ma an cusa ta cikin wannan jar riga. Haushin wannan ne ya sa na ɗauko littafin zanena na ce ni zan ɗinka wa Orlais kayanta.

Da daddare Baba ya shigo ya tarar da mu a kan kwamfuta. Inna ta riga ta kai masa ƙara cewa mun mai da gidan gidan kallo. Ya tsaya a bayana ya daɗe yana duban taron da ke zauren.

"Mamana, wane ne babba a cikin waɗannan?"

Na nuna masa sarauniya, can sama a kan bene, cikin shuɗiyar riga.

"Ita na gane ta, don an ɗora ta a sama. Sauran fa? Wane ne waziri, wane ne mai unguwa?"

Na ce sai ka matsa kusa sunan mutum ya fito a rubuce.

"To telansu bai gama aikinsa ba. In sai an rubuta maka, rigar me ta yi?"

Ya jawo kujera ya zauna, abin da bai taɓa yi ba. A daren nan ya yi magana fiye da duk wadda ya yi tun da aka kulle gari. Ya ce a Ƙofar Kudu ranar Sallah, baƙon da bai san kowa ba zai iya jera mutane da ido kawai. Mai ja da kore dogari ne. Mai rawani da kunne biyu jinin sarauta ne, kuma duk kuɗin attajiri ba zai naɗa irinsa ba. Takalmin gashin jimina na sarki ne. Amawali ya rufe bakin sarki, domin ba kowace magana ce za a ga fitarta ba. Ya ce kafin ka zana wa basarake riga, fara tambaya: wa aka hana sa ta?

Wannan tambaya ce ta kai ni ga tarihin Faransa, tunda can ne asalin Orlais. Duk ɗan datan da na samu a kansa ya ƙare. Ashe Sarki Louis na 14, wanda ya mai da fadarsa Versailles a 1682, da tufafi ya ɗaure manyan ƙasarsa. Jar dunduniyar takalmi alama ce ta wanda ke da shiga a fada. Akwai wata shuɗiyar kwat mai jan shafi da aikin zinari da azurfa wadda sai da takardar izinin sarki ake sa ta, kuma mutane ƙalilan ne ke da ita a lokaci guda. Basaraken da ya ci bashi ya yi sutura don ya burge sarki, ba shi da sauran kuɗin tara mayaƙa. Ministansa Colbert kuwa a 1665 ya sa aka kwaso masu saƙar leshi daga birnin Venice na Italiya, don kuɗin leshi ya daina fita waje. A ƙarni na 18 matan fada suka riƙa ɗaura wani keji a ƙugu yana baza siket hagu da dama har sai mace ta karkace kafin ta shige ƙofa. A 1778 ma an yi yayin ɗora ɗan jirgin ruwa a kan gashi, don murnar wani jirgin yaƙin Faransa da ya gwabza da na Ingila. Da na karanta wannan sai na daina ganin ƙari a labarin da Yaya ya ce Leliana, ɗaya daga cikin jaruman wasan, ta bayar a wasan Dragon Age na farko na 2009, na wata basarakiyar Orlais da ta sa tsuntsaye masu rai a cikin gashinta, tsoro ya kama su suka ɓata mata kai.

Saboda haka shafukan farko na littafina babu zane ko ɗaya, doka ce zalla. Na bar wa gidan sarauta zaki da zaren zinari. Na bar wa mahaya gashin tsuntsu ruwan ɗorawa, wanda dama alamarsu ce a labarin. Tsawon jelar riga na ɗaure shi da matsayi, yadda za ka san girman mace daga yawan yaran da ke riƙe mata ita.

Rigar da na fi daɗewa a kanta ta wata dattijuwa ce da na ƙirƙira, uwar gida mai tsohon suna da ƙaramin aljihu. Karan-miski ne baƙi-baƙi mai jan gaske, wanda ya koɗe a gwiwar hannu, aka rufe wurin da sabon leshi. Hannun rigar ya zarce yatsunta da kusan taƙi guda, don a san ba ta ɗaukar komai da kanta. Maɓallanta ƙanana ne jere a gadon baya, daga wuya har ƙugu, inda hannunta ba zai taɓa kaiwa ba. Wannan shi ne abin da na fi so a cikinta. Matar da ba ta iya tuɓe rigarta ita kaɗai, dole baiwarta ta san ƙarfe nawa ta dawo, da wasiƙar wa ke cikin ƙirjinta. A Orlais kuwa barori yawanci 'yan ƙabilar Elf ne, masu dogayen kunnuwa, waɗanda Halamshiral ɗin ma tsohon birninsu ne aka ƙwace. Sai na yi wa baiwar riga toka-toka maras ado, amma na cika ta da aljihu ta ciki: ɗaya a ƙarƙashin ɗamara, ɗaya a cikin kalmasa, ɗaya siriri a hannu daidai tsawon naɗaɗɗiyar takarda. Uwar gidan ba ta da aljihu ko ɗaya.

Takunkumi ma na raba shi. Na ƙananan fadawa ido kawai yake rufewa, saboda da baki suke ci, sai an ga murmushinsu. Na manya ya sauko har haɓa. Na kuma aro wani da aka yi yayinsa a Venice, baƙi, maras igiya, wanda mace ke riƙe shi da ɗan maɓalli a tsakanin haƙoranta, in ta buɗe baki ya faɗi. Ni ban ba 'yan mata shi ba, na ba masu kai saƙon sirri tsakanin gidaje. A ganina ya fi dacewa da su, kuma ya fi ban tsoro.

Tunda yaƙin basasa ake yi, na yi wa 'yan tsakiya mayafin kafaɗa mai fuska biyu, waje launin ɓangaren sarauniya, ciki na ɓangaren Gaspard, in iska ta juya kafin asuba sai a juya shi. Baba ya yi dariya har da tari. Mu 'yan Kano dai ba sai an yi mana bayanin yadda hula ke magana ba. Da ya ga rigar matar attajiri, wadda doka ta hana zinari a waje na zuba mata shi a shafi, sai ya ce shi ma ya sha yi wa 'yan kasuwa haka: riga shiru-shiru daga waje, amma in mutum ya naɗe hannunta a kafaɗa sai alharini ya leƙo.

Daga baya Yaya ya sauko mini da Blender, manhajar ƙera siffofi da ake samu kyauta, na gwada ɗora siket mai keji a jikin mutum-mutumi. Kwamfutar ta ɗauki zafi tana huci. Da mutum-mutumin ya ɗaga ƙafa sai gwiwa ta huda yadin ta fito waje, da ya sauke hannu sai ya nutse cikin ƙugu. Nan na fahimci dalilin jar rigar soja: kaya ɗaya ne zai zauna a jikin ƙato mai ƙaho da gajere mai faɗi, a yi rawa da shi, a kuma haura katangar lambu da shi. Na fahimta, amma har gobe ban yafe musu Vivienne ba.

Muna cikin haka aka fara sassauta kulle, ana ba da ranakun fita. Gwaggo ta zo daga Gwammaja gaishe da Inna, ta tarar da littafin a kan tabarma. Ta yi ta buɗawa tana tsaki a kan takunkuman, tana cewa wannan ai kayan aljanu ne, har ta iso kan rigar dattijuwar nan. Ta yi shiru. Ta ciro waya ta ɗauki hotonta ba tare da ta tambaye ni ba.

"Ke, in aka rufe wuyan nan aka cire abin fuskar, za ki iya ɗinka ta da gaske?"

Na dubi Baba. Ya ce, "Za ta iya."

Ban taɓa yanka karan-miski ba a rayuwata. Bayan sallar isha'i wayar Inna ta yi ƙara, wata Hajiya ce ƙawar Gwaggo, 'yarta za ta yi aure da zarar an buɗe gari, kuma ta ce ba ta son maɓallan baya su ragu ko ɗaya. Yadda muka kwashe da ita a kan kuɗin ɗinki, da abin da ya faru ranar gwaji, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.