Izu Biyar a Shekara: Inda Alƙalamina Ya Kai a Watan Rajab

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon rubutun Warash, wato rubutun Alƙur'ani da hannu irin na makarantar allo. Janairun 2026 ta shigo ta same mu cikin Rajab na 1447. Ni da na ɗaura niyya tun Muharram na haye rabin shekara ke nan, wasunku kuma yanzu ne suke ɗaura tasu. Bari in faɗa muku inda aikin ya tsaya da abin da na ci karo da shi a hanya, ko wani ya tsinci abin amfani.

Abin da na ƙudurta shi ne in rubuta izu biyar na ƙasa da hannuna a takarda, baƙi da wasali da alamomin aya, daga Suratul Jumu'a zuwa Nasi, kafin Muharram ya zagayo. Ba satu nake yi ba, wannan aikin alarammomi ne masu zubo shi da ka. Ni kallo nake ina kwafa. Zaɓen izu biyar ɗin kuwa lissafi ne ya kawo shi. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, jimilla sumuni 480. Izu biyar sumuni 40 ke nan. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, wato mako 50 da 'yan kwanaki. In ka ɗauki sumuni ɗaya a mako, mako goma za su rage: huɗu na azumi, biyu na salloli, sauran huɗun na zazzaɓi da biki da ta'aziyya da tafiyar da ba ka shirya mata ba. Duk wanda ya raba aikinsa a kan mako 50 cif, ya yi wa kansa alkawarin ba zai yi ciwo ba kuma ba wanda zai rasu a danginsu.

Da yawa daga cikinmu niyyar da muke ɗaurawa ita ce "bana zan gyara hannuna". Magana mai daɗi, sai dai babu Juma'ar da za ta zo ka iya cewa ka cika ta ko ka saɓa. Sumuni kuwa ko ka rubuta ko ba ka rubuta ba, takardar na nan tana shaida.

Yanzu na gama izun Sabbi da na Amma, ina can cikin na uku, wanda ya faro daga Ƙul Uhiya ya ƙare a Mursalati. Daga ƙasa nake hawa izu-izu, amma kowane izu ina rubuta shi a jerinsa na Mus'hafi. Abin da ya sa haka ta yiwu shi ne Alƙur'aninmu na hannu ba a ɗinke yake ba, warƙa-warƙa ne a cikin gafaka, sai kalmar da ake sawa a gindin shafi ta nuna wadda ke biye. In na gama sai in jera su.

Izun Sabbi shi na zata zai fi sauƙi tunda surorinsa ke bakinmu kullum a sallah, sai ga shi ya fi kowane cin lokaci. Daga A'ala zuwa Nasi sura 28 ce. Kowace da kanta da za a rubuta da ja, da Bisimilla, ga ayoyi gajejjeru da ke sa ka ajiye alƙalamin baƙi ka bar gurbin alama bayan kalma uku ko huɗu. Izun Amma sura 9 ne, wanda nake ciki 6, na Tabara da na Yusabbihu biyar-biyar. Saboda haka mai farawa daga ƙasa kada ya karaya in ya ga watanni biyun farko sun yi masa nauyi, gaba ta fi sakewa.

Ga yadda makona yake tafiya. Asabar da Lahadi a allo nake rubuta sumunin, da tawadar da ake wankewa. Lahadi bayan La'asar in kai wa Malam ya duba. Litinin da Talata in sauke baƙin a takarda. Laraba wasali da ja: bisa, ƙasa, rufu'a, ɗauri, shadda. Alhamis ɗigon ruwan ɗorawa na hamza, ɗigon kore na alifin wasali, da alamomin aya, kumsa a kan ta biyar, kuri a kan ta goma. Juma'a ba na rubutu. Lokacin kuwa guda ne, bayan Asuba in gari ya yi haske, kafin in yi shirin fita wurin aiki, da alwalata. Na zaɓi safiya ne don ita kaɗai ce babu mai sallama a ƙofa. Bayan Isha'i ido ya gaji, wuta kuma sai ta ga dama, hasken fitilar waya kuwa yana jefa inuwar hannu daidai kan layin da kake rubutawa.

A duk tsarin nan, zuwa wurin Malam ranar Lahadi shi ne ginshiƙin. Ba don gyaran kaɗai ba, ko da yake gyaran ba ƙarami ba ne. Kunyar ka iso gabansa allo fari fat ita ke tayar da kai ranar Asabar ɗin da sanyi ya ce ka koma bargo. Wani mako da hidimar biki ta cinye ni na je ina cewa, "Allah ya gafarta Malam, rabi kawai na samu." Ya karɓi allon, ya duba rabin, ya gyara mini harafin kaf lasan guda biyu, ya ce in kawo sauran tare da na gaba. Bai yi faɗa ba, kuma rashin faɗan ya fi faɗa ciwo. Ku nemi wanda za ku riƙa nuna wa aikinku a rana sananniya, wanda kuke jin nauyinsa. Abokin da zai ce "kai, ya yi kyau" ba shi ake nema ba.

Sai maganar tawada, don a ganina ita ta fi ƙwace wa masu koyo ranaku, fiye da kasala. Ka tashi da niyyarka, ka buɗe kurtu ka tarar ta daskare ko ta yi funfuna, shi ke nan safiyar ta tafi, gobe ma haka, kafin ka farga mako ya wuce. Tawada iri biyu ce a aikinmu. Ta allo baƙin gawayi ce ko na gindin tukunya da aka dama da ƙaro, tana zama a saman itace, ruwa na taɓa ta ta fita. Ta takarda kuwa yambari ce: a jiƙa 'ya'yan bagaruwa, irin waɗanda majema ke jima da su, a haɗa ruwan da ƙarfe ko kashin maƙera, a tace, a sa ƙaro. Ɗacin bagaruwar ne ke haɗuwa da ƙarfen ya ba da launi, kuma sai ya sha iska yake cika baƙi. Shi ya sa in ka ja layi ka ga ya fito fari-fari kada ka yi saurin maimaita shi, ba shi lokaci, zai yi duhu da kansa. Mai maimaitawa shi ke samun baƙi mai kauri biyu a shafi ɗaya. Ƙarfe in ya yi yawa kuma, da daɗewa tawadar na cin takarda, har harafin ya zama huda. Ƙaro in ya yi yawa rubutun ya riƙa ƙyalli, shafuka su manne da juna lokacin damina. In ya yi kaɗan tawadar ta zubo daga bakin alƙalami ta yi tabo.

Abin da nake yi yanzu, yammacin Juma'a nake duba kaya. In motsa tawada, in gwada ta a gefen wata takarda, in fiƙe alƙaluman gamba uku in ajiye, ɗaya na baƙi, ɗaya siriri na wasali, ɗaya na ko-ta-kwana. In ja layukan makon da fensir a hankali yadda za su gogu. Asabar da safe zama kawai zan yi in fara. Ƙaro da allo da kurtu duk ana samu a Kasuwar Kurmi ga wanda ke Kano, launukan ja da kore da ruwan ɗorawa kuwa na kanti nake saye, ban ga abin kunya a ciki ba.

Muharram na bana a tsakiyar damina ya faɗo, ƙarshen Yuni. A lokacin takarda ta sha laima, tawada na bazuwa a cikinta, shafi kan daɗe bai bushe ba, sai ka shimfiɗa shi gefe kana gadinsa daga yara. 'Yan ƙwayoyin kanumfari a cikin kwalbar tawada na rage funfuna. Yanzu kuma hunturu ya juya al'amarin. Tawada na bushewa a bakin alƙalami kafin ka kai ƙarshen kalma, alƙalamin gamba na tsagewa, yatsu sun sandare, ƙura na sauka kan rubutu ɗanye. Maganin da na samu shi ne in zuba tawada kaɗan a murfi in rufe kwalbar, in riƙa ɗiga ruwa, in kuma ɗumama hannu da ruwan alwala mai ɗumi kafin in zauna. Man da ake shafawa saboda kaushi a bar shi sai an gama. In ya taɓa takarda, tawada ba ta kama wurin.

Ga wani abu ga waɗanda suka taso da bugun Hafsu a Islamiyya, kamar yawancinmu 'yan boko. Kada ku ajiye bugun Hafsu a gaba kuna kwafa da hannun Warash. Riwayar Warash daga Nafi'u na Madina ta zo, kuma bambancin ya wuce siffar harafi. Fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗaya a sama, kuma fa da ƙaf da nun in suka zo ƙarshen kalma ba a ɗiga musu. Akwai ɗigon yamala a ƙarƙashin harafi, wato alamar karkatar da wasalin bisa zuwa na ƙasa. Ƙidayar aya ma ba ɗaya ba ce: Hafsu na bin ta Kufa, 6236, bugun Warash na zamani kuwa na bin ta Madina, 6214, don haka kumsa da kuri za su iya faɗawa inda ba nan ba ne. Bugun Hafsu da ke hannun mutane rubu'i yake nunawa, ba ya nuna sumuni, to da me za ka auna makonka? Ku samu Mus'hafin Warash na hannun marubuci guda, ku lizimce shi har shekara ta ƙare. Yau hannun Kano gobe na Barno, sai ka tashi ba ka da ko ɗaya.

Hannun fa, ya gyaru? Na fito da warƙar farko ta Sabbi na ajiye kusa da ta wannan makon. Alifai sun daina jingina da juna, sun miƙe. Haruffan lam ara da nun ara cikinsu ya zama ɗaya, da can kowace da girmanta. Tazarar kalmomi ta daidaita har ina iya kintatar inda layi zai ƙare. Ha kuri da sodi har yanzu sai a hankali, kuma wasalina na fita da kauri fiye da kima, ja na neman rinjayar baƙi. Ban sake rubuta warƙoƙin farko ba, kuma ba zan sake ba a bana. Wanda ya koma gyaran baya duk sanda hannunsa ya ƙaru, a izun Sabbi shekara za ta bar shi. Warƙar da ake sakewa ita ce wadda aka tsallake kalma ko aka canza harafi. Ƙaramin kuskure ana kankare shi da reza in ya bushe sarai, babba kuwa a sake warƙar, tsohuwar a ƙona ta a binne tokar a wuri mai tsarki, ba a jefa ta kwandon shara.

Ku da kuka ɗaura niyya a Janairu, ku duba kalanda tun yau. Azumi zai kama wajen tsakiyar Fabrairu, wato mako shida zuwa bakwai kacal kuke da su kafin barci da lokacin aiki su juye. Al'adar da ba ta yi ƙwari ba, azumi da hidimar Sallah na iya shafe ta, sai mutum ya farka a Afrilu yana cewa bari a jira baɗi. Ku yanke tun yanzu abin da za ku yi a Ramadan, ko da layi uku ne a allo bayan sahur, ku kuma sa ranar komawa cikakken aiki, ku faɗa wa malaminku ranar. Wanda bai taɓa riƙe alƙalamin kara ba kuma, kada ya fara da takarda. Babbaƙu a allo tukuna, sannan farfaru, sannan gajerun surori, har Malam ya ce hannun ya isa. Wannan kaɗai ya ishi mutum niyyar shekara guda.

Nawa lissafin ga shi. In Allah ya yarda zan rufe izu na uku a ƙarshen Rajab, sumuni 24 ke nan. Sha'aban zai ba ni huɗu, rabin Tabara. Saura 12, makonnin da ke tsakanin ƙaramar Sallah da ƙarshen Zulhajji kuwa, in an cire na sallolin, ba su wuce goma ba. Zazzaɓin damina da hidimomi sun riga sun cinye rarar da na ware, har sun ɗan taɓa uwar kuɗi. Ba zan koma sumuni biyu a mako ba, na ga yadda gaggawa ke yi wa wasali. Sumuni biyun da suka yi saura zan watsa su cikin azumi, baƙi a makon farko da na biyu, ja da sauran launuka a hankali kafin goman ƙarshe ta shigo. Na gaya wa Malam, ya ce a Ramadan in riƙa kawo allon da hantsin Asabar, don La'asar ɗinsa ta tafsiri ce.