Tsohuwar HP Z420 da nake aiki da ita har yau

Kwamfutar da nake zana katin biki da fastoci a kanta HP Z420 ce, samfurin da ya fito a 2012. Ta hannu na saye ta a Beirut Road a Kano. Irin waɗannan injina an ƙera su ne don injiniyoyi da masu zanen gini, su wuni su kwana a kunne, shi ya sa shekaru ba sa cin su da wuri. A cikinta akwai furosesa Xeon E5-1620 da gurbin ram guda takwas, tana ɗaukar har 64GB na DDR3 mai ECC, wato ram ɗin da ke gane ƙaramin kuskure ya gyara da kansa.

Gyaran da ya fi kowanne amfani shi ne cire tsohon hadis (hard disk, wato ma'ajiyar bayanan kwamfuta) na sa SSD, sabuwar irin ma'ajiya da ta fi shi sauri. Sai dai a nan akwai abin lura: cikin ramukan SATA da ke kan allonta, inda ake jona hadis ko SSD, biyu kaɗai ke gudun 6Gb/s, sauran rabin haka suke. Duk wanda ya jona SSD a ramin da ya samu kawai, zai yi ta zargin kwamfutar alhali ba laifinta ba ne.

Babban abokin gabarta a garinmu ƙura ce. Da hunturu ya kama, sai fankokinta su fara ihu, zafi ya hau, aiki ya yi nauyi. Murfin gefenta da hannu ake buɗewa, ba a bukatar sukundireba. Ina fitar da ita tsakar gida in busa da bulowa, amma ina riƙe kowace fanka da yatsa, domin idan iska ta juya ta fiye da kima tana iya lalacewa. Na kuma goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen da ke zuƙe zafinta, na shafa sabo. Tun daga nan muryarta ta sauka sosai.

Akwai kuma ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032. Idan ya mutu, agogon kwamfuta ya koma baya, shafukan intanet su ƙi buɗewa suna kukan rashin tsaro. Na ga mutane sun kai injinsu a sake masa Windows saboda wannan, alhali batirin kuɗi kaɗan ne.

Wuta ce ke hana ni sakin jiki. Akwatin wutarta mai ƙarfin 600W ne, kuma mahaɗinsa ba irin na gama-gari ba ne. In ya ƙone, sai an nemo nata na asali. Don haka ba na jona ta kai tsaye a bango, sai ta bi ta stabilaiza da UPS, na'urar da ke riƙe ta da batiri in an ɗauke wuta. Tana kuma shan wuta fiye da laftof nesa ba kusa ba, saboda haka in dare ya yi muna kan batirin sola, kashe ta nake yi.

Abin da ya fi ɓata mini rai ba daga ƙarfen ya zo ba. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10, ita kuwa Windows 11 tana neman TPM 2.0 (wani ɗan guntun tsaro da ke cikin kwamfuta) da furosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama. Z420 ba ta cika ko ɗaya ba. Inji lafiyarsa ƙalau, a ce ya zama bola? Ban yarda ba. Na ƙara SSD na biyu na sa Linux Mint, wata manhaja mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows, a nan nake shiga intanet, da imel, da harkar banki. Windows 10 na bar ta don manhajar zane ta CorelDRAW kaɗai, kuma kafin in kunna ta sai na zare wayar intanet. Aikin kwastomomi kuwa, duk ranar Juma'a ina kwafe shi a wani hadis na waje da nake ajiyewa a gida, ba a shago ba.